Aji Babu Malami, Malami Babu Aji

A shekarar 1951 aka tura wani saurayi ɗan shekara ashirin da shida zuwa Argungu, aka ba shi riƙon makarantar firamare ta garin. Kafin nan ya yi shekaru yana koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato. Sunansa Shehu Usman Aliyu Shagari. Zamansa a Argungu bai yi tsawo ba. A 1953 ya zama malami mai zagayen duba makarantun Lardin Sakkwato, a 1954 aka zaɓe shi zuwa Majalisar Wakilai a Legas, a 1979 kuma ya zama shugaban ƙasa. Idan dattawa suka ɗauko wannan labari, galibi so suke su nuna mana darajar da malami ke da ita a da, kuma gaskiyarsu ne. Amma akwai gefen labarin da ba a cika waiwaya ba, wato ajin da aka bari. Duk malamin da ya zama ɗan majalisa ko hakimi ko minista a wancan zamani, wasu yara ne suka wayi gari babu mai koya musu lissafi, a lokacin da masu irin iliminsa a lardin 'yan ƙalilan ne.

Yau, shekara saba'in da 'yan kai bayan nan, je ka tambayi hedimastan wata firamare a ƙauyukan Augie ko Arewa ko Dandi ko akwai ƙarancin malamai. Zai dube ka kamar ka zo zolaya, ya nuna maka aji uku da aka haɗe a ɗaki guda. Ka dawo Birnin Kebbi ka yi wa matashin da ke sana'ar POS a bakin kasuwa wannan tambaya, wanda takardarsa ta NCE ta shekara biyar a ƙasan akwati. Shi cewa zai yi malamai sun yi yawa har an rasa inda za a kai su. Babu maƙaryaci a cikinsu. Yadda aka yi maganganun nan biyu suka zama gaskiya a lokaci guda, a jiha guda, shi ne abin da nake so mu bi sawunsa.

Kalmar malam dai ba baƙuwa ba ce a kwarin Gulbin Rima. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, Gwandu ta zama mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mutumin da har littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. A can saman gulbin kuma, tsakanin Sakkwato da Wurno, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta fuskanci wata matsala da har gobe ma'aikatun ilimi ba su warware ba: ta yaya karatu zai isa ga matan ƙauye waɗanda ba za su iya barin gidajensu ba? Dabararta ita ce ta zaɓi dattijuwa amintacciya daga cikin mutanen ƙauyen, ta koyar da ita, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ta mayar da ita ta koyar da 'yan uwanta. Su ne 'Yan Taru. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu sake bi ta kansa.

Da Turawa suka zo, sun tarar da makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, da almajirai sama da 200,000, kamar yadda lissafinsu na wajen 1914 ya nuna. Ba a taɓa jin wannan tsari ya yi kukan rashin malamai ba, kuma dalilin a fili yake. Na farko, yana haifar malamansa da kansa: kolo ya zama titibiri, titibiri ya zama gardi, gardi yana biya wa na ƙasa da shi tun kafin ya kafa tasa tsangayar. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a ganina, mai buƙatar malami da mai ciyar da malami mutum ɗaya ne. Uban yaro shi ke ba da kuɗin Laraba, shi ke kai zakkar hatsi, shi ke yin sadaka ranar sauka. In unguwa ta ga tana son malami, ta ba shi zaure da gona, magana ta ƙare. Ba ina cewa tsarin ba shi da nasa ciwon ba, duk wanda ya ga yara da ƙoƙon bara ya san akwai. Abin da nake nufi shi ne buƙata da aljihu suna wuri guda. Boko ne ya raba su: buƙata tana ƙauye, kuɗi yana baitulmali.

Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a watan Maris na 1903, aka haɗa Gwandu da Argungu cikin Lardin Sakkwato. A Kudu, makarantun mishan ne suka riƙa fitar da malamai, tun kwalejin St. Andrew ta Oyo da aka kafa a 1896. A masarautun Arewa an toshe wannan hanya, saboda an hana 'yan mishan kafa makarantu a cikinsu, gwamnati kuma ba ta yi gaggawar buɗe wata ba. Sai a 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano, kuma cikin azuzuwan farko akwai na malaman Arabiyya da aka tattaro daga larduna don a koya musu boko su koma su koyar. A 1921 aka fara Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, aikinta kuwa guda ɗaya ne: fitar da malamai. Yaron Birnin Kebbi ko Argungu da Allah ya nufa da wannan hanya sai ya yi elementare, ya wuce Midil, sannan in yana cikin 'yan tsirarun da aka zaɓa ya tafi Katsina ya yi shekara biyar. Arewa gaba ɗayanta, kwaleji guda.

To, ko 'yan kaɗan ɗin da aka samu ba su zauna ba. Ahmadu Bello ya gama Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato shekara uku, a 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah. Sarkin Gwandu Haruna Rashid, wanda ya yi sarauta daga 1954 zuwa 1995, shi ma ɗan Kwalejin Katsina ne, ya riƙe alli kafin ya shiga aikin En'e. Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Midil ta Bauchi ya fito. Aliyu Makaman Bida hedimasta ne kafin ya zama ministan ilimi na Arewa. Malam Aminu Kano yana koyarwa ne a kwalejin horon malamai ta Maru, a cikin wannan lardi namu, lokacin da ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi siyasa. Da gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar cike guraben aikin gwamnati da 'yan Arewa a shekarun 1950, ina za ta samo su? Babu wata rijiya sai ɗakin malamai. Ba na zargin kowa a cikinsu, ƙasa ce take buƙatarsu, kuma da sun ƙi fita da wasu ne suka riƙe ofisoshin. Amma ta fuskar makarantu, ɗibar ruwa aka yi ta yi da kwando.

Wannan shi ne ƙarancin malamai na haƙiƙa, irin wanda masana tattalin arziki ke nufi in sun yi maganar kasuwar aiki. Duk mai takarda, ayyuka ne ke jiransa: En'e na nema, gwamnatin Kaduna na nema, kamfanonin Turawa na nema, gidan rediyo na nema. Makaranta ba ta iya yin tayin da ya fi nasu. Ta ɓangaren mata abin ya fi muni. Sai a shekarun 1930 aka fara makarantun 'yan mata na En'e, sai kuma a 1939 aka buɗe cibiyar horon malamai mata a Sakkwato. Iyaye ba sa son namiji ya koyar da 'ya'yansu mata, malama kuma ba za a same ta ba sai an fara sa yarinya a makaranta. Kowanne yana jiran ɗayan.

Bayan samun 'yanci an yi ta cike gibin da baƙi: matasan Amurka masu aikin sa-kai daga 1961, takwarorinsu na Ingila, da malamai daga Kudu, waɗanda da yawansu rikicin 1966 ya kora gida. Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya haifar da manyan kwalejojin horon malamai, ta Zariya a 1962, ta Sakkwato a 1970, kuma daga nan takardar NCE ta samo asali. A lokacin, mai NCE babban mutum ne, sakandare ake kai shi. Firamare kuwa ta masu takardar malanta mai daraja ta biyu ce, da ma waɗanda ba su kai nan ba.

Sai babbar ambaliya ta zo. A watan Janairun 1974, a birnin Sakkwato, Janar Gowon ya sanar da cewa za a fara ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, shirin da aka sani da UPE. Kuɗin mai ya shigo, babu wanda ya tsaya dogon lissafi. Aka fara a watan Satumban 1976 a zamanin Obasanjo. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 a ƙofar makaranta. Ana iya gina aji cikin wata uku, amma malami ba ya nuna cikin wata uku. Aka shiga kame-kame: aka dawo da waɗanda suka yi ritaya, aka ɗauki malaman Arabiyya, aka yi kwasa-kwasan gaggawa, har wanda ya gama firamare jiya aka miƙa wa alli yau. A wannan shekara aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta riƙa horar da waɗanda suka riga suka shiga aji ba tare da sun bar bakin aiki ba. Kwalejojin horon malamai suka bazu a garuruwa, Birnin Kebbi na da ta maza da ta mata. Ɗalibi yana kwana a makaranta, a ciyar da shi, a ba shi alawus, kuma kafin ya gama takardar turawa wurin aiki tana jiransa. Ga ɗan talaka daga Gulma ko Kangiwa, babu hanyar fita daga talauci da ta fi wannan tabbas.

A sakandare kuwa, wanda ya yi karatu a tsohuwar Jihar Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970 zai ba ka labarin malaminsa na lissafi ɗan Indiya ko Pakistan, na Turanci ɗan Ghana, na Larabci ɗan Masar, sannan ga masu yi wa ƙasa hidima, shirin da aka fara a 1973. Wato an sayo malamai daga kasuwar duniya saboda naira na da ƙarfin saye. Da farashin mai ya karye daga 1981, abin ya juye. Jihohi da dama suka yi watanni ba su biya malaman firamare ba. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin barin ƙasa, aka yi ta tururuwa zuwa Ghana. Malaman da ke da cikakkun takardu umarnin bai hau kansu kai-tsaye ba, amma abin da umarnin bai yi ba, karyewar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta ƙarasa shi. Akwai abin mamaki a nan: a zamanin tsohon hedimastan Argungu ne malanta ta fara zama aikin da ake yi wa mai shi jaje, har maganar nan ta cewa ladan malami sai a lahira ta samu gindin zama.

Daga nan tarihin ya koma na wa zai biya. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa don albashi ya daidaita, a 1991 aka rushe ta aka miƙa nauyin ga ƙananan hukumomi, a 1993 aka sake dawo da ita. Malamin firamare ya zama ɗan riƙo, yau a wannan gida, gobe a wancan.

Cikin wannan yanayi aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, da hedkwata a Birnin Kebbi. Ba a jima ba jihar ta kafa tata kwalejin ilimi a Argungu, wadda yau ake kira da sunan Adamu Augie. A daidai wannan lokaci manufar ilimi ta ƙasa ta ɗaga matakin shiga malanta, aka ce NCE ce mafi ƙarancin takardar da za a koyar da ita, ko da a aji ɗaya ne. Aka rufe kwalejojin daraja ta biyu, yawancinsu aka mayar da su sakandare. A takarda ci gaba ne. A ganina an yi asara biyu da ba a lissafa ba. Ta farko, tsohon tsari yana ɗaukar yaro tun yana ɗanye ya shekara biyar yana koyon yadda ake tsayawa gaban yara ƙanana, sabon kuwa yana karɓar wanda ya gama sakandare, sau da yawa wanda jami'a ta ƙi ɗauka. A 2025 makin shiga kwalejin ilimi a jarrabawar JAMB 100 ne cikin 400, ƙasa da na jami'a. Ta biyu, igiyar da ta ɗaure horo da aiki ta tsinke. Kwaleji tana yaye ɗalibai kowace shekara, ko an ɗauki ma'aikata ko ba a ɗauka ba.

A nan ne ƙarancin ya sauya kama, amma sunansa bai sauya ba, shi ya sa muke ta ruɗewa. Da, gurbi ne ke jiran mutum. Yanzu mutum ne ke jiran gurbi, yara kuma suna jiran su duka biyun.

Ranar 30 ga Satumba, 1999, Obasanjo ya sake zuwa Sakkwato, wannan karon a farar hula, ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE. Dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Kaso mafi tsoka na abin da ke zuwa jihohi na gine-gine ne da kayan aiki, albashin malamai na dindindin ba ya ciki, wannan yana wuyan jiha da ƙaramar hukuma. Ka ga dalilin da ya sa za ka bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ka ga azuzuwa masu sabon fenti, ka leƙa ciki ka tarar da yara su kaɗai. Gini sau ɗaya ake biyansa, a ɗauki hoto, a yanke zare. Malami kuwa kowane wata ne, shekara talatin da biyar, sannan fansho. Abin da Abuja ta riƙa kawowa a madadin haka duk na wucin gadi ne: shirin malaman tarayya na 2006 mai wa'adin shekara biyu, sai N-Power a 2016 da alawus na naira 30,000. Shirin N-Power ɗin ma ya tona asirin kasuwar. A 2020 mutum sama da miliyan 5 suka nemi gurbi 400,000. Ba dukkansu koyarwa suka nema ba, amma koyarwa ce babban ɓangaren shirin ga masu takardu.

Akwai wata alama da ta fi wannan sauƙin gani. Abin da ya yi ƙaranci a kasuwa tsada yake yi, ko tumatir ne ko siminti. Da malamai sun yi ƙaranci a kasuwar aiki, da makarantun kuɗi suna rige-rigen ƙara musu albashi. Abin da ke faruwa akasin haka ne. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasa naira 70,000 ne, amma ƙananan makarantun kuɗi da yawa suna biyan mai NCE abin da bai kai haka ba, kuma in ya yi fushi ya tafi, kafin la'asar wani ya kawo takardunsa.

Amma fa a aji ƙarancin na nan daram. A 2024 hukumar UBEC ta ce firamaren gwamnati a Nijeriya na buƙatar malamai 694,078, waɗanda ke akwai 499,202 ne, gibin ya kama 194,876. Wani ɓangare na gibin lissafin shekaru ne kawai. Dubban da aka ɗauka tsakanin 1976 da 1980 sun cika shekara talatin da biyar a bakin aiki tsakanin 2011 da 2015. Tare suka shigo, tare suka fita, kuma ba a maye gurbinsu da irin yawan da suka fita ba. Dokar 2022 da ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki tana rage gudun fitar a inda aka karɓe ta, sai dai kuma tana ƙara wa matashin da ke jira tsawon layi.

Ko wannan adadi na ƙasa ma bai faɗi rabin labarin ba. A aikina na rubuta manhajar kwamfuta, abin da ya fi yaudarar mutum shi ne matsakaicin lissafi. Rahoto zai ce manhaja na buɗewa cikin daƙiƙa biyu, alhali mai waya a Abuja cikin ƙiftawar ido ta buɗe masa, na Kangiwa kuwa ya gaji da jira ya rufe. Haka abin yake da malamai. Ƙa'idar ƙasa ita ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A ɗauka, don misali kawai, wata makaranta a cikin gari tana da yara 600 da malamai 40, wata a ƙauye tana da yara 300 da malamai biyu. In ka haɗa, malami ɗaya ga yara 21 ke nan, ka ma zarce ƙa'ida. Yaran ƙauyen kuwa 150 ne a kan kowane malami.

Me ke tara malamai a gari? Wasu dalilan ba sa buƙatar bayani: mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, in an tura shi ƙauye kafin wata ya ƙare an dawo da shi. Wasu kuwa na gaskiya ne. Matar aure da mijinta ke aiki a Birnin Kebbi ba za ta tare a ƙauyen da ba ta san kowa ba. In damina ta yi nisa gulbi ya cika fadama, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020, akwai garuruwan da sai da kwalekwale. Sannan ga tsaro. An kwashe ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021. An kai hari Mera ta ƙaramar hukumar Augie, a cikin masarautar Argungu, a watan Nuwamban 2024. A watan Nuwamban 2025 aka sace 'yan mata a makarantar Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Albashi nawa za ka ba baƙo ya je ya kwana a irin wannan wuri? A nan nake tuna jajin Nana Asma'u. Wadda aka haifa a ƙauyen, aka aurar a ƙauyen, ba ta neman a sauya mata wurin aiki. Tsarin ɗaukar malamai da zai ɗaure gurbi da makaranta takamaimai, ya fifita ɗan garin ko 'yar garin, ya fi mini ma'ana a kan a ɗauki dubu a hedkwata a yi ta rabon takardun turawa da rabinsu ba za a bi ba.

Sai maganar ko mai takardar ya iya. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. An yi ta cece-kuce kan adalcin jarrabawar, kuma ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki. Abin da ya biyo baya shi ya fi amfani ga tambayarmu: da aka tallata gurbi 25,000, sama da mutum 40,000 suka nema, kuma daga cikin sababbin da aka ɗauka sai da aka sake sallamar sama da 4,000. Masu takarda sun yi yawa, waɗanda suka iya aikin ba su kai yawan takardun ba.

Inda tsohon ƙarancin na zamanin Shagari yake raye har yau shi ne a darussan lissafi, da kimiyya, da kwamfuta. Mai wannan ilimi yana da inda za shi. Cikin waɗanda muka karanta kimiyyar kwamfuta tare, da yawa sun koyar a shekarar hidimar ƙasa, wasu sun ji daɗin aikin ƙwarai, amma da wuya ka samu wanda ya zauna, domin aikin mako biyu ta intanet na iya kawo abin da ya fi albashin wata. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa a kwamfuta gaba ɗaya, ga shi kuwa akwai ɗaliban da ranar jarrabawar ce rana ta farko da suka zauna gaban na'urar. Kuma yanzu mu ne ake sayen malamai daga wurinmu. UNESCO ta ƙiyasta a 2024 cewa duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. A watan Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya ƙofar neman lasisin koyarwa, kuma fannonin da ta zaɓa su ne lissafi, kimiyya da harsuna. Abin da muka yi wa Ghana da Indiya a 1978 shi ake yi mana.

A nan gida ma makaranta na da kishiya, ita ce fadama. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe babbar masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, noman rani ya zama sana'ar da ke riƙe gida. Malamin da ke da 'yar gonarsa a bakin gulbi yana cikin rajista, ana lissafa shi cikin waɗanda ke akwai, amma ranar ban ruwa ba lallai ka same shi a aji ba. Kafin a yi masa faɗa a tambayi buhun masara nawa albashinsa ke saye.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Kebbi ta rantsar da Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, a matsayin gwamna, mutumin da ya fito daga kujerar shugabancin ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT. Wani malamin ke nan da siyasa ta ɗauke, sai dai shi ya shiga ofis ya riga ya san ƙorafin daga ciki. Gwamnatinsa ta sanar da ɗaukar malamai 2,000. Abin a yaba ne, amma in ka raba su ga ƙananan hukumomi 21, kowacce ba ta samu ɗari ba. Kuma duk wani gibi da ake faɗa, an auna shi ne da yaran da ke cikin rajista. Ƙididdigogin baya-bayan nan suna sa Kebbi a sahun gaba na jihohin da yara ba sa zuwa makaranta. In kiraye-kirayen da ake yi wa iyaye suka yi tasiri, yaran nan suka fito ranar Litinin guda kamar yadda na 1976 suka fito, bambancin kawai shi ne wannan karon ba sai an je Ghana ko Indiya ba. Masu NCE suna nan a bakin kasuwa da tashar mota.

Abin da ya rage shi ne tsohuwar tambayar nan ta 1988: wa zai biya? A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye. Ƙungiyar NUT kuwa ta daɗe tana roƙon kada a bar albashin malaman firamare a hannun ƙananan hukumomi, domin ba ta manta abin da ya faru bayan 1991 ba. Shugaban ƙaramar hukumar Augie ko Argungu da zai ɗauki malamai ɗari a bana, wa'adinsa 'yan shekaru ne, albashinsu kuwa zai ci gaba da fita daga kason ƙaramar hukumar har bayan shekarar 2060.